Turmin Kwalaben Goggo

Goggo ta rasu da hantsi, a Sabon Birni, a gidan aro da muke zaune tun da ƙauyenmu ya tashi. Yayar mahaifina ce. Kafin azahar an kai ta.

Masu gaisuwa sun zo fiye da yadda na zata. Maza a waje kan tabarmi, mata a tsakar gida. Ni ina bakin ƙofar ɗakinta, ana ya haƙuri ina amsawa. Wata ta ce to yanzu kwalaben garin nan za su huta. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka bi da istigfari. Wata da ta san ta tun ƙauye ta ce ba ta taɓa ganin hannun Goggo babu yanka ba. Daga waje na ji wani tsoho yana tambaya ko matar nan ce da aka ce ta ga teku. Liman ya ce mace ce mai haƙuri. Ban gyara masa ba, amma ba haka ba ne. Goggo ba ta da haƙuri, naci gare ta.

Ina zaune ina kallon wuyan matan da hannuwan jariransu. Da yawansu duwatsun Goggo ne a jikinsu, masu ruwan kore-kore shuɗi-shuɗi. Ba wadda ta ambaci hakan. Abin ya daɗe a jikinsu har sun manta wani ne ya yi shi. Shi ya sa nake wannan magana, ni da ba mai yawan magana ba.

Ranar sadakar uku mata suka hau dakan gumba. Gidan nan iyalai da yawa ne a ciki, duk 'yan gudun hijira, turame kuwa kaɗan, don mai gudu ba ya ɗaukar turmi. Ina cikin ɗaki na ji wani daka ya shigo cikin sauran. Na san muryarsa. Na fito da gudu. Wata amarya ce daga wajen Unguwar Lalle, ba ta daɗe da zuwa gidan ba. Ta ga turmi a kife bayan ɗaki, ta miƙe shi, ta zuba gero. Na riƙe taɓaryar a sama. Na kifar da turmin a ƙasa gaban mutane. Wata tsohuwa ta ce na haukace, gero a wannan shekara? Na ɗebo da hannu na kai mata cikin rana. Yana ƙyalli.

A turmin nan Goggo ke daka kwalba. Garin gilashi ya shige cikin itacen, ko an wanke ba ya fita. Na yi rami na binne geron don kada kaji su ci. Amaryar ta yi ta kuka. Ba laifinta ba ne. Da, ba mai kuskuren nan, domin a kan turmin Goggo ke zama. Yanzu ba ta nan.

Da la'asar ɗanta ya kira ni zaure. Shi kaɗai ta bari, direba ne, yana jan bas tsakanin Isa da Sakkwato. Taubashina ne, ni ɗiyar namiji shi ɗan mace, tun muna yara nake ce masa bawana yana rama mini da abin da ya fi haka. Amma tun da na dawo daga daji bai ƙara yi mini wasa ba. Gaisuwa kawai, ido a ƙasa, kamar ya ga surukarsa.

Ya ce bayan sadakar bakwai zai sa a faskare turmin a ƙone, a rushe tanderun da ke bayan ɗaki. Ya ce yau Allah ya tsare, gobe fa? Gida cike da yara da baƙi. Gaskiya ya faɗa. Na ce a bar mini, ni za ni riƙe.

"Riƙewa daban, aiki daban," in ji shi. "In ba aiki za a yi da shi ba, guba muka aje cikin gida. Kin iya?"

Ban amsa ba. Za ni faɗi dalili.

Goggo ta yi aurenta na fari a ƙasar Gana. Mijinta fataucin goro ya kai shi, suka zauna a zango kusa da bakin teku. Ta ce ranar da ta fara ganin ruwan ta tsaya tana neman ɗaya gaɓar, yadda ake yi a gulbi, har wuyanta ya gaji. Da safe takan je bakin ruwa ta tsinci fasassun kwalabe da teku ya fitar. Sun yi sumul, ba kaifi, ko a baki ka sa ba za su yanke ka ba. Wasu mata 'yan ƙasar, maƙwabtanta, sana'arsu yin duwatsun ado da garin kwalba. Ta tsaya musu tana hura wuta har ta iya. Mijin ya rasu can. Ta dawo gida da ɗa a baya da sana'a a hannu, sana'ar da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar Gobir.

Ga yadda take yi. Ta wanke kwalabe, ta ware kowane launi daban. Ta fasa su cikin tsumma da dutse. Ta rufe hanci da ɗankwali, ta daka da taɓarya mai ƙarfe a baki, ta tankaɗe har ya zama kamar garin tuwo. Tana da kasake na yumɓu da ta gina da kanta, masu ramuka kamar tandar masa amma ƙanana ƙwarai. Kowane rami ta cika shi da gari, ta kafa tsinken ganyen rogo a tsakiya. Wuta za ta cinye tsinken ta bar ƙofar zare. Tanderun da ƙasar suri take gina shi, ta ce ita ce ke jure wuta. In an gama gashi ba a buɗewa sai gobe. Wanda ya yi gaggawa zai tarar duk sun tsage. Daga nan sai guga a kan dutse da yashi da ruwa, a shafa mai, a zura a zare.

Tana yin ja, tana yin fari da ruwan ɗorawa, ana saye a kasuwar Isa da ta Sabon Birni, har mutanen Maraɗi na ɗauka. Waɗannan na abinci ne, in ji ta. Nata na kanta guda ne, tana ce masa ruwan hantsi. Ta ce in rana ta ɗan ɗaga, igiyar ruwa takan miƙe tsaye kafin ta faɗi, haske ya ratsa ta. Launin da ke wurin nan, ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne, kuma kafin ka nuna wa na kusa da kai ya wuce. Shi take nema. Koren kwalbar lemo, farin gilashin taga, da shuɗiyar kwalbar magani irin ta da take haɗawa. Da tafin hannu take awo. In ka tambaye ta nawa-nawa, sai ta ce hannunta ka tambaya.

Mutanenmu ba su taɓa yarda da labarin teku duka ba. In ta ce ruwan gishiri ne, sai mata su ce ashe matan can sun huta da sayen gishiri. Wani maƙwabcinmu manomi ya taɓa tsare ta, ya ce ruwan da ba a sha, ba a ba dabba, ba a ban-ruwa da shi, amfaninsa me? Ta ce kallo. Ya ce kallo ba ya cika ciki. Ta ce shi ya sa kai cikinka kaɗai ya cika.

Bakinta ke nan. Ba ta lallashi. In yaro ya faɗi ba ta cewa sannu, sai ta ce tashi ka ga abin da ya kayar da kai. In mace ta zo taya duwatsu tana kushewa, sai ta karɓe ta mayar cikin ƙwarya ta ce kasuwa ta tashi. Amma duk ɗiyar da aka haifa a ƙauyenmu, ranar suna Goggo za ta zo ta ɗaura mata dutse ɗaya na ruwan hantsi a hannu. Ba ta karɓar komai. Ba ta ma tsayawa cin tuwo.

Sun yi faɗa da mahaifina a kan tsintar kwalba. Shi mutum ne mai jin kunyar idon jama'a. Ya ga yayarsa ranar kasuwa tana tonon juji da sanda, buhu a kafaɗa, mutane na kallo. Ya dawo gida ya ce ta zubar mana da mutunci, in abinci ne ga rumbunsa. Ta ce rumbunsa ba shi da launi. Ya ce to kada ta ƙara taka gidansa da wannan buhu. Ta ce ita da buhun tare suke. Damina guda ba su yi magana ba, gida na kallon gida. Ranar da suka shirya ina nan. Ya dawo daga Isa, ya tsaya ƙofarta, ya zaro shuɗiyar kwalba daga aljihun riga ya ajiye a ƙasa, ya juya. Ta ɗauka ta ɗaga ta ga rana. Ta ce da bayansa, wannan ai a juji ka samo ta. Bai waiwayo ba. Daga ranar, har ya bar duniya, ba ya dawowa daga kasuwa aljihunsa bai yi ƙara ba.

Ni a lokacin ba na kusantar aikin. Goggo ba ta barin yara kusa da turmi ko tanderu. Na girma, aka yi mini aure, na yi nawa gidan.

Sai shekarar da ɓarayin daji suka same mu a gona, a wajen Tsamaye. Mijina suka kashe a wurin. Ni suka tafi da ni. Na yi damina a hannunsu. Abin da ya faru can ba na wannan magana ba ne. Da aka sako ni, ƙauyenmu ya riga ya tashi, aka kawo ni Sabon Birni. An ba ni labarin ranar tashin. Kowa ya ɗauki hatsi da tabarma da tukunya. Goggo, da tsufanta, ta ɗora turminta a ka, kasakenta a cikinsa. Ana ce mata ta yar, ana iya sassaƙa wani. Ta ce wanda ya ji nauyinsa ya faɗa. Haka ta shigo da shi gari.

Da na dawo, mata suka yi ta zuwa gani na. Su zauna, su yi kuka, su kalli fuskata, su kalli cikina. Ba su tambaya da baki. Ni kuma na daina fita. Ba na barci, ba na magana. In an taɓa ni ba zato sai na kai duka.

Goggo ba ta zo gaisuwa ba. Ranar da ta zo, ta shigo ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗakinta. Ta ajiye mini dutsen guga, da ƙwaryar yashi, da ruwa, da tarin duwatsu da suka fito daga wuta, masu kaushi da baki-baki. Ta ce goga. Ta koma kan turminta ta zauna. Na goga har yatsuna suka fashe. Washegari ta ƙaro wasu. Ba ta tambaye ni komai ba, ranar nan ko wata rana. Sau ɗaya wata maƙwabciya ta leƙo tana son jan zance, wai a daji sun ba ku abinci kuwa? Goggo ta dube ta.

"Teku ba shi tambayar kwalba wa ya fasa ta," ta ce. "Ke mi ya kai ki?"

Matar ta fita. Ni na ci gaba da guga. A cikin kwanakin nan na fara barci.

Daga guga ta mayar da ni tankaɗe, daga tankaɗe daka. Lokacin ƙirjinta ya riga ya lalace, tari ba ya barin ta, hannunta na rawa. Don haka duk abin da aka gasa tun zuwanmu garin nan, hannuna ne ya auna. Ita tana zaune tana cewa ƙara kore, rage fari, ke ba ki da ido? Ja da fari da ɗorawa na iya su da wuri, ba ta ce komai a kansu ba, wato sun yi. Amma ruwan hantsi, duk ranar da muka buɗe tanderu, za ta ɗauki ɗaya, ta tofa masa miyau, ta goge da haɓar zane, ta ɗaga shi ga rana, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, bai yi ba.

Kowane gashi haka. Na ƙara shuɗi, bai yi ba. Na rage wuta, bai yi ba. Na ce ta gaya mini inda ya kasa. Ta ce ba a faɗa, gani ake yi. Na ce ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, ina za ni gan shi? Ɗanta ya taɓa buɗe mana hoton teku a wayarsa. Ta kalla ta ce wannan ruwan wasu ne. Ya ce to ta shirya ya kai ta Ikko ta ƙara gani da idonta. Ta ƙi. Ta ce hanyar ma ba ta biyuwa, kuma in ta je ta tarar ba shi ba ne fa?

Ga itace ya yi wuya, don daji ba ya shiguwa. Ga roba ta kori kwalba. Shuɗiyar nan ta magani an daina ganin ta, abin da ya rage mana gari ne a gwangwani ɗaya. Duk gashin da na ɓata, gwangwanin na raguwa.

Gashi na ƙarshe, ba ta iya tafiya. Na ɗauko ta na zaunar a rana, na jingina ta da bango. Na ba ta dutsen. A raina na ce wannan karon ko don ciwo za ta ce ya yi. Ta kalla, ta kalla. Ta ce bai yi ba. Na shiga ɗaki na bar ta nan har sai da aka kira ni. Ba ta ƙara fitowa rana ba.

To wannan ne ya hana ni amsa wa ɗanta. Wadda ta san launin ta tafi, kuma ba ta taɓa cewa na iya ba.

Ana gobe bakwai aminiyar Goggo ta iso daga Isa. Tsohuwa ce tukuf, tare suka yi 'yammatanci. Ta ji zancen turmi a wurin mata. Da hantsi ta sa aka kira ni, ta ce in shimfiɗa mata farin mayafi a rana. Ta kwance wani ƙulli daga cikin kayanta ta zazzage. Duwatsun ruwan hantsi ne, kashi-kashi a zare. Ta ce tun dawowar Goggo daga Gana, in ta yi gashi takan aiko mata da zaren farko. Wasu sun ɓace, wasu ta ba jikoki, ga abin da ya saura. Ta ce in jera su.

Na jera. Wani ya yi duhu kamar ganyen kuka. Wani ya yi haske kamar ba launi. Wani shuɗi ya rinjaya, wani yana da gajimare a ciki. Na ga nawa a can ƙarshe, na san su. Ba su fi na tsakiya ba, ba su kasa su ba. Babu biyu da suka zo ɗaya.

Na ce wanne ne na gaskiyar?

"Ke dai wawuya ce, ɗiyata," ta ce. "Wa ya ce miki akwai? Wanga na fari, ina tsaye ta fidda shi. Ta tofa mishi miyau, ta ɗaga ga rana, ta ce bai yi ba. Lokacin ko uwarki ba a kawo ba. Duk wanda kika gani nan, da bai yi ba ta aiko mini shi."

Na ce to don me ba ta gaya mini ba?

"Ta gaya miki mana. Abin da take ce ma kanta ta ce miki. Ni da munka yi shekaru tare, na taɓa roƙon ta koya mini, ta ce in je in yi fura. Sai ta ga hannun da ya iya take kushe shi."

Na tattara mata duwatsunta na ƙulle. Ban yi kuka ba. Na daɗe da daina wannan.

Bayan an watse daga sadakar bakwai, ɗanta ya shigo da gatari a hannu. Ya tarar da ni zaune a kan turmin. Ya tsaya. Ya ce ya tambaye ni wata magana ban ba shi amsa ba.

Na ce, "Ban iya ba. Uwarka ma ba ta iya ba. Aje gatarin."

Ya dube ni, ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba. Na ce turmin zai koma ɗakina, in ba na kansa ƙofa na kulle, kuma duk baƙuwar da ta sauka gidan nan ni za ni nuna mata shi da kaina kafin ta sha ruwa. In aka ƙara samun gero a ciki, ni za ni ba shi gatarin. Na ce kuma ba ni zan ɗauki turmin ba, ina da bawa.

Dariya ta kuɓuce masa. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ɗiyan namiji, sun gaji mulki ba su gaji ko akuya ba. Ya jingine gatarin, ya rungumi turmin yana nishi, yana cewa tsohuwar nan da me ta ɗauko wannan tun daga ƙauye. Ya kai har ƙuryar ɗakina. Bayan kwanaki ya dawo daga Sakkwato, ya tsaya ƙofata, ya ajiye shuɗiyar kwalba a ƙasa. Na ce a juji ka samo ta. Ya ce a ofishin gwamna.

Na daka, na tankaɗe, na auna da tafin hannuna. Amaryar nan ta Unguwar Lalle ce ta tsinko mini ganyen rogo, tana da ciki, ta ce in mace ce tana son a ɗaura mata. Na hura wuta, na bar shi ya kwana. Da hantsi na buɗe. Ba wanda ya tsage. Na ɗauki ɗaya, na tofa masa miyau, na goge da haɓar zane, na ɗaga shi ga rana.

Bai yi ba.

Na zura shi a zare na ajiye wa jaririyar. Na koma wanke kwalabe.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya nuna mata wanda ya yi.